Yadda Na Bi Dawar Gidanmu Har Ƙasar Faranshi

Shekara biyar ke nan da dawowata daga ƙasar Faranshi, wato wadda suke mulki can arewa da mu, amma har yau ba a bar ni na huta ba. In na zauna gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a nan Kontagora, sai wani ya matso ya ce, "Bawa, wai da gaske ne ka yi kwana goma sha tara a hanya da karan dawa a kafaɗa?" In je ɗaurin aure, tambaya. In je jana'iza, a jira a shafa fatiha a ɗora. Abin da ya fi ba ni haushi, labarin ya fara yin rassa a bakin mutanen da ko Rijau ba su taɓa takawa ba, har na ji an ce wai raƙumi na hau. To, ga shi daga bakin mai shi, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Sai na fara da laifina, don ba don shi ba, da babu tafiyar.

A gidanmu akwai wata dawa da muke kira Sanda-uku, saboda in za ka auna karanta da sandar kiwo, sai ka aza sau uku kafin ka kai zangarniya. Ƙwayarta fara ce da ɗigon ja a ido, ga tauri, ƙwaro ba ya huda ta a rumbu, tuwonta kuwa ko ya kwana biyu ba ya saki. Ba ta hannun maza take bi ba. Uwa ke ba 'yarta ranar da za a kai ta ɗaki, haka mahaifiyata, Inna, ta same ta a wurin kakata. Kuma da ƙa'idarta. Kowace kaka ana zaɓar zangarniya bakwai mafi kyau, a kitse su da igiyar rama, shida kai sama, ɗaya kai ƙasa, a rataye saman murhu. Wannan ita ce uwar iri, kuma ba a taɓa ta sai sabuwa ta zo ta maye gurbinta.

A shekarar da fara ta sauko mana, ta cinye shukar fari tas. Inna ta ce a bar uwar iri sai baɗi, a nemi kowace irin dawa a shuka. Ni kuwa lokacin mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, gida ya dawo hannuna, ina ji da kaina. Inna ta tafi bikin suna Kumbashi, na sa hannu na sauke uwar iri na shuka. Ta fito kore shar. Bayan kwana ashirin 'ya'yan fara suka ƙyanƙyashe, suka bi gonar a ƙasa, ko tsinke ba su bari ba. Wadda ke wurin ƙanwata da ke aure a Kasuwan Garba kuma yunwar shekarar ce ta cinye.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da ma ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, amma dai takan ce mini "kai". Daga ranar nan "kai" ɗin ma ya ɗauke. Ina zaune gabanta za ta juya wajen matata ta ce, "Hajo, ki gaya wa mai gidan nan katangar baya ta tsage." Shekara shida muna haka. Idonta ya fara rauni, tuwo kuwa loma uku take yi ta ture kwano. Tsorona ɗaya ne, kada ta mutu ba ta ƙara yi mini magana ba.

Wata rana fatake masu kanwa suka kawo labarin cewa ƙanwar Inna, Tasalla, wadda wani falke Ba'are ya aura ya tafi da ita arewa tun kafin zuwan Turawa, tana nan da ranta a wani ƙauye, Rijiyar Gawo, gaba da Kangiwa, cikin ƙasar Faranshi. Inna ta ce, "Hajo, da kitson dawarta aka kai ta." Ba ta ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Na fara ɗaura kaya.

Maganar karan nan kuwa gaskiya ce. A rufin zaurenmu akwai kara ɗaya na Sanda-uku da ya rage, ya yi baƙi da hayaƙi. Na zaro shi. Dalilina biyu: Inna Tasalla ba ta taɓa ganina ba, ina son shaida, sannan ina son abin awo, kada a haɗa ni da wata dawa a ce ita ce. Na tashi bayan huɗar ƙarshe, dawar gari ko ciki ba ta yi ba. Lissafina in isa da sauran wata biyu kafin girbi, in taya su aiki, in zaɓi irina a tsaye.

Zangon kirki na farko shi ne Dukku, inda na sauka gidan Tanko, wani Badukke maharbi, abokina tun muna samari. Tanko yana jin Hausa sarai, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Da na gaya masa inda na dosa, ya dubi karan, ya dube ni.

"Matana ya ce in ba na gida an fi zaman lafiya," in ji shi. "Zan bi ka. An ce can itace yana ƙarewa. Ina so in ga wurin da ya ƙare."

Ya fito da jakinsa, wani abin tausayi, haƙarƙari a waje, ƙudan tsando ya gama tsotse shi. Ku da kanku kun san jaki ba ya tsufa a ƙasarmu. Ina cikin yi masa dariya ashe jakin ya zagaya bayana. Kafin in ankara ya tauna kan karana ya haɗiye kusan kamu biyu. Tanko ya ce in yi haƙuri, wai jakin ma yana son ya san abin da aka fito nema.

Daga Dukku muka yi kwanaki cikin daji irin namu, ciyawa ta fi mutum tsayi, ƙafa ba ta bushewa, har muka iso bakin gulbi kusa da Jega. Ruwa ya cika ya batse. Muka shiga kwalekwale, jaki yana iyo a gefe, Tanko riƙe da kunnensa. Muna tsakiya gorar mai fito ta kafe cikin laka ta suɓuce masa. Bawan Allah bai yi wata-wata ba ya fizgi karana ya soka a ruwa. Ƙaras! Kashi ɗaya cikin uku ya bi gulbi. Da hannu da ƙoƙo muka ƙarasa gaɓa, sa'an nan mutumin nan ya dube ni ya ce laifina ne da nake yawo da gorar banza. Fatoma, mai masaukin da ya sauke mu a Jega, ya ji labari ya tara maƙwabta, aka sa ni na maimaita sau uku. Amma ya ba mu tuwon shinkafa da kifi, na yafe masa.

A fadamar Birnin Kebbi na ga abin da ya fara taɓa mini tunani. Shinkafa ce a tsakiyar ruwa mai zurfin da zai shanye mutum, ganyenta na lilo a sama. Na tambayi wani tsohon Bakabe da ke gyaran taru yaya ba ta nutse ba. Ya sa hannu ya jawo guda, ya yi ta ja, ya yi ta ja, sai ga kara ya fi nawa tsayi tun yana cikakkensa.

"Ruwa ya ƙaru, ta ƙaru," in ji shi. "Wadda ba ta iya bin shi ba ta mutu tun zamanin kakanni, ba ta bar ɗiya ba. Wagga da ka gani, jikanyar masu iyawa ce."

Na ce a raina, to, ashe akwai abin da ya fi Sanda-uku tsayi. Ban faɗa a fili ba, don Tanko na kusa.

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Kaɗanya ta yi ƙaranci, ɗorawa ta ɓace, ciyawa ta dawo iya gwiwa, sai ƙaya da yashi. Tsando ya ƙare, jakin Tanko ya fara ƙiba har yana harbin iska. Mu kuwa muka fara ramewa, don daga Kangiwa zuwa gaba ba a san tuwon rana ba. Fura da safe, fura da azahar, kuma ba fura suke cewa ba, hura. Tanko ya ce shi bai taɓa ganin mutanen da ke shan abinci maimakon su ci ba.

Wata rana da hantsi muka ga manyan itatuwa tsirara a tsakiyar gonar gero, ko ganye ɗaya babu, alhali damina ba ta ƙare ba. Tanko ya yi murna ya ce ga busasshen itace Allah ya ba mu. Ya ɗaga gatari ke nan sai ga mai gona da gudu da hauya a sama.

"Kai! Mi ya yi maka? Gawo na ne za ka sara?"

Muka ba da haƙuri, muka ce mun zaci ya mutu. Da ya huce ya zauna ya yi mana bayani. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki. In rani ya yi, kowane itace ya bushe, sa'an nan shi yake yin kore, awaki su ci 'ya'yansa. Shi ya sa in ana sharar gona ake sare kowa a bar shi. Tanko ya daɗe yana kallon itacen. Da muka kama hanya ya ce, "Wannan wayo gare shi. Ya ga kowa na kokawa da damina, sai ya bar musu, ya ɗauki rani shi kaɗai." Ni dai na ce masa ya mayar da gatarinsa cikin kaya kafin ya sa a ɗaure mu.

Masu tambayata yadda iyaka take, ku sani babu ganuwa, babu ƙofa. Bukka ce ɗaya da tuta, da gardi biyu, wato dogaran Faranshi, masu jar hula, ɗayansu Bazabarme mai ɗan jin Hausa. Geron wannan gefe da na wancan duk ɗaya ne. Tanko ya tsure, don an gaya masa Faranshi na kama baƙi a kai su aikin hanya. Bazabarmen ya tambayi abin da ya kawo mu, na ce iri na zo ɗauka, irin dawa. Ya tambayi garinmu, na ce Kontagora. Ya fassara wa ɗan'uwansa, suka yi ta dariya har da riƙe ciki: mutumin kudu, inda dawa ke rufe mahayin doki, ya zo cikin yashi neman dawa! Suka ce ƙarya ne, akwai abin da na ɓoye cikin karan, wataƙila albarushi. Suka sa wuƙa suka tsaga gaɓa bayan gaɓa, ina tsaye ina ji kamar naman jikina ake yanka. Da ba su ga komai ba sai totuwa, suka miƙo mini abin da ya rage, bai fi sanda ɗaya ba. Suka ce mu wuce, mahaukaci ba ya bukatar takarda.

Ranar kwana na goma sha tara, da la'asar, muka shiga Rijiyar Gawo. Abin da na fara gani ya ɗaure mini kai: girbi ake yi. Gero an gama, ana ɗaurin dami, alhali a gida ko furen dawa bai fito ba. Aka nuna mana gidan. Wata 'yar tsohuwa ta fito, gajera, baƙa, tana tafe tana karkata kai hagu, sak yadda Inna ke yi. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

"Daga ina?" ta ce.

"Daga Kontagora, Inna. Ni ne Bawa, ɗan yayarki."

Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta wajen haske. Ba ta ko dubi guntun karan da nake miƙa mata ba. "Goshin babanmu ne," ta ce, sai kuka. Ta tambayi mutum goma sha wani abu, duk sun mutu sai yayarta. Mijinta ma ya daɗe da rasuwa, tana zaune da 'ya'yanta maza biyu da iyalinsu.

Sun karɓe mu hannu biyu, amma na sha mamaki. Rijiyarsu gaba ashirin ce da wani abu, sa ke jan guga. Da na nemi ruwan wanka aka kawo mini a 'yar ƙwarya, na zaci na sha ne na shanye, aka yi ta kallon juna. A gida mace takan zubar da ruwan wanke-wanke a bayan ɗaki, a can kuwa sai ya bi ta kan tunkiya, ya ƙare a gindin kabewa. Na ba su man kaɗe da daddawar da Hajo ta ɗaura mini, Inna Tasalla ta shinshina daddawar ta ce rabonta da wannan ƙanshi tun tana amarya.

Da gari ya waye na faɗi abin da ya kawo ni, ban ɓoye laifina ba. Ta ce, "Sanda-uku? Tana nan. Tashi mu tahi." Muka bi ta zuwa wani kwari a bayan gari inda ƙasa ke da ɗan danshi. Ta tsaya ta nuna da hannu. Na duba, ban ga komai ba sai wata 'yar dawa iya ƙirjina, siririya, zangarniyarta a dunƙule. Na ɗaga kai sama ina neman ta gaske.

"Ina take, Inna?"

"Ga ta gabanka."

Raina ya ɓaci. Kwana goma sha tara, ƙafafuna duk sun tsage, a nuna mini wannan? Na kafa guntun karana a ƙasa, sai ga shi kai ɗaya da ita. Na ce, "Inna, wannan guntu ne, kashi ɗaya cikin uku, jaki da gulbi da gardi sun ci sauran. Ki yi haƙuri, an musanya miki iri. Wannan ba dawar gidanmu ba ce. Ko a bakin juji ba ma barin irin wannan." A gaban 'ya'yanta na faɗa, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ta juya muka koma gida, ta ja ni har ɗakin girkinta ta ce in ɗaga kai. Saman murhu, cikin baƙin hayaƙi, ga zangarniya bakwai a kitse da rama, shida kai sama, ɗaya kai ƙasa. Ta murje 'yan ƙwayoyi daga sabon girbi ta zuba mini a tafi. Fari, da ɗigon ja a ido. Na sa ɗaya a haƙori, ta ƙi fashewa sai da na danna. Na zauna a ƙasa.

"Shekarar da aka kawo ni," in ji ta, "na shuka ta kamar yadda muke yi a gida. Ta tashi, ta wuce kowa, garin nan duka suka zo kallo. Ina ta taƙama. Sai ruwa ya ɗauke. Ita kuwa tana can tana tsayi, ko ciki ba ta yi ba. Ta bushe a tsaye. Na bi gonar ina kuka, sai na tarar da guda goma sha ɗaya, gajeru, irin waɗanda innarmu ke tsinkewa ta ba akuya. Su kaɗai suka yi sauri suka yi ido. Su na kitse. Baɗi ma haka, wadda ta riga ɗaukewar ruwa ita ke shiga kitso. Ban zaɓi gajarta ba, ɗana, wadda ta rayu na ɗauka. Shekara arba'in da wani abu. Ban san ranar da ta koma haka ba, kamar yadda ban san ranar da na fara cewa hura ba."

Tanko, da ke tsugune bakin ƙofa, ya ce, "Bawa, ka gane? A wurinmu ruwa ya ishi kowa, rana ake faɗa a kai. Wanda ya fi tsayi ya danne ciyawa, ya ci. A nan rana ya ishi kowa har ya yi yawa, ruwa ake faɗa a kai. Wanda ya tsaya yin tsayi ya mutu."

Na ba Inna Tasalla haƙuri, ta ce yayarta ma haka bakinta yake. Muka yi kwana tara muna taya su yanka. Ranar tafiya ta auna mini iri a jakar fata, ta kuma yi sabon kitso na bakwai ta ce in kai wa Inna hannu da hannu. Guntun karan kuwa ta ce in bar mata. Na waiwaya daga nesa na gan ta tsaye tana dogara shi.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jakin Tanko ya fara ramewa tun daga Jega. Na iso gida na durƙusa na ajiye kitson a cinyar Inna. Ta shafa shi tun daga sama har ƙasa, ta ƙirga, ta tsaya kan mai kai ƙasa. Ta ciri ƙwaya ta tauna. Na ƙura mata ido.

"Hajo," ta ce, "ita ce. Ta sha wuya."

Hajo dai. Na tashi na fita.

Da damina ta sauka na shuka. Wanda bai zo kallon gonata a shekarar nan ba, to ba ya gari. Dawa iya ƙirji, gamba da tofa sun taso sun shanye ta, sau biyar muna noma. Ta nuna a tsakiyar damina, lokacin da babu wata dawa mai ido a ƙasar Kontagora duka, saboda haka tsuntsayen duniya suka yi taro a kaina. Abin da suka bari ruwa ya dake shi ya yi baƙi. Aka sa mini suna Bawa Faranshi. Wani ya ce in ba shi aron gonar ya kai kajinsa su yi shawagi a sama. Na dawo gida na ce a sa mata wuta.

"Hajo," in ji Inna, "ki gaya wa mai gidan nan kada ya taɓa. A jira ruwa ya ɗauke."

Da ruwa ya ɗauke ta ce a kai ta gona. Ba ta gani sosai, sai Hajo ta riƙe ta, ita kuma tana bin kunya-kunya tana shafa kowane kara daga ƙasa zuwa sama. Can a tsakiya ta tsaya. Wani kara ne da ya wuce sauran da kamu guda, ya yi nawa, bai nuna ba sai da sama ta bushe, zangarniyarsa fara tas. Ta ci gaba. Yini guda ta yi, ta sami tara. Waɗannan su ne irin da ƙanwarta ke barin akuya ta ci a can, malalata masu son tsayi, ashe jininsu bai ƙare ba. Nan na gane abin da ake ciki: aikin Inna Tasalla ne za a yi, amma da baya.

Haka muka yi ta yi. Shekara ta biyu ta kai kaina. Ta uku ta wuce hannuna a miƙe, ta fara yi wa tofa inuwa, noma ya dawo sau uku. Masu dariya suka fara tsayawa a bakin gona suna gyaran murya. Bana na aza sanda sau biyu har da kamu ɗaya, kuma mutum huɗu sun aiko matansu wurin Hajo roƙon iri, ciki har da mai kaji. Ba na ɓoyewa, ina alfahari. Duk ƙasar nan babu wanda dawarsa ta je Faranshi ta koyi gudu, ta dawo gida tana koyon tsayi, sai ni.

Kakar bana Inna ba ta iya zuwa gona ba, ƙafa ta ƙi. Ni na zaɓo zangarniyar na kawo mata a tabarma. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ture biyu, ta bar bakwai. Hajo ta matso da igiyar rama ta zauna, don kitso aikin mata ne, kuma ita ke yi tun da hannun Inna ya fara rawa. Na miƙe zan ba su wuri.

"Kai," in ji Inna.

Na waiwaya in ga da wa take. Babu kowa a tsakar gidan sai mu uku.

"Kai nake nufi. Zauna. Miƙo hannunka."

Shekara goma sha ɗaya rabona da kalmar nan. Na zauna. Ta karɓi ramar daga hannun Hajo ta sa a nawa, ta ɗora yatsunta kan yatsuna, tana juya su: wannan bisa wannan, ja, kada ka shaƙe wuya, ta bakwai kai ƙasa. Kitson ya fito a karkace, Hajo na ta ƙunshe dariya. Inna ta shafa ta ce ya yi. Na hau turmi na rataye shi saman murhu.

"Wannan ba a shuka ta," ta ce.

"Na sani, Inna."

"Na san ka sani. Duk zuriyarmu da kunne muka sani, kai kaɗai ka sani da ƙafa." Ta gyara zama ta jawo kwanonta. "Sauko ka ci tuwo, ya huce."

Na sauko. A kwano ɗaya muka ci, kuma ba ta ture ba sai da muka ga ƙasansa.